Daga damina zuwa damina: abin da na koya a ƙungiyar marubuta

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. Da yawanku kun ga na fita daga guruf ɗin ƙungiya kun biyo ni kuna tambaya ko lafiya, toh lafiya lau, zaman ne dai ya ƙare. Amma tunda tambayar ta yi yawa gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman ƙannenmu da yanzu suke shigowa harkar rubutun onlayin suna ɗokin a saka sunansu a ƙungiya.

Farkon daminar 2024 na shiga da littafina na kuɗi na farko. Tsarin kun san shi, a fara sakin fejin kyauta, wato shafukan farko na labari da kowa zai karanta ba biya, daga nan mai son ci gaba ta tura naira 500, ta VIP, wato mai son matsayi na musamman, 1,000. Dokar ƙungiyar ita ce kuɗin kowa asusun Anti, shugabar ƙungiyar, yake shiga, ita ce kuma admin a duk wani guruf na kuɗi, sai littafi ya ƙare ta cire kason ƙungiya ta ba ki naki, wai don kar marubuciya ta karɓi kuɗin mutane ta ɓace. Littafi ya karɓu Alhamdulillah, na wuce rabi, sharhi har ba na iya karance shi duka.

Sai ga daren Talata 10 ga Satumba, madatsar ruwan Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle. Wanda ba ya Maiduguri a waya ya gani, mu da muke unguwar Gwange kuwa cikin bacci ya same mu, ihun maƙwabta ne ya tashe mu, kafin Mama ta ɗauko takardun gida ruwa ya kawo gwiwa a tsakar gida, kafin mu kai bakin titi ya kai ƙirji, ga duhu ga yara a kafaɗa ga tsofaffi ana turawa a baro. Ruwan nan bai bar fadar Shehu ba, bai bar Kasuwar Monday ba, ya shiga asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari, ya kwaso kadoji da macizai daga gidan zoo, har maƙabartar unguwarmu ya shiga. Manya suka ce rabon da a ga irinsa tun 1994. Sama da mutum 400,000 aka ce sun bar gidajensu, sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi. Mu Allah ya taimake mu muna da Goggo a unguwar Bulumkutu, can muka tare. Wayata ta sha ruwa ta mutu a hanya. Littattafan makarantar da nake rubutu a ciki da biro kafin in yi taifin kuwa, da ruwa ya janye muka koma duba gida na tarar da su a ƙarƙashin gado sun kumbura sun manne da laka, in na ɗaga shafi sai ya biyo yatsana, tawadar ta narke ta zama kamar ruwan bula, babu layi ɗaya da zai karantu. Duk tsarin ƙarshen labarin yana cikinsu.

Wallahi wannan ban yi masa kuka sosai ba, don wasu 'ya'yansu suka rasa, kuma labarin yana kaina. Abin da ya sa ni kuka sai da na samu aron waya na dawo da layina na buɗe WhatsApp. Na shiga guruf ɗin littafina da niyyar ba mutane haƙuri sai na tarar littafi yana tafiya, kullum ana sakin feji, saura kaɗan ma a gama. Anti ta ɗauki littafina ta ba wata 'yar ƙungiya ta ƙarasa. Ba ta kira ba, alhali lambar Mama tana wajenta tun ranar da na cike fom, kuma layin Mama bai taɓa mutuwa ba.

Na tura mata saƙo cikin ladabi na ce Anti ya aka yi haka, sai ga muryarta ta minti huɗu, "Haba ƙanwata, ai rufa miki asiri muka yi, mutane sun biya kuɗinsu suna ta zagin ƙungiya, mu ba mu san kina raye ba ma, ki gode wa Allah an samu mai taimaka miki." Wannan kalma ta ba mu san kina raye ba har yau tana min ciwo, don in da gaske ba ku sani ba ai neman sanin ne ya kamata ya zo kafin rabon littafi.

Kuma ku da kuka karanta kun san abin da aka yi wa labarin. Kishiyar nan da na yi wata da watanni ina ginawa, mace mai haƙuri da aka aurar da ita ba da sonta ba, wadda nake so a ƙarshe ita ce za ta riƙe 'ya'yan uwargida bayan mijin ya karye, ita aka mayar mai bin bokaye, aka haukata ta aka kai ta bola tana tsince-tsince, makaranta suna ta murna suna Allah ya ƙara. Dalilin da ya sa na fara littafin kenan tun asali, na gaji da labarin da kowace kishiya muguwa ce, kuma da sunana aka fitar da abin da na tsana. Yanzu haka dokumen ɗinsa, wato fayil ɗin littafin da ake turawa ta waya, yana yawo da sunan mutum biyu, an karanta shi a YouTube, ba yadda zan yi in janye shi. Ita yarinyar da ta ƙarasa ban riƙe ta ba, umarni aka ba ta kuma ta kira ni daga baya ta ba ni haƙuri. Kuɗi kuma aka raba uku, kason ƙungiya, kason mai ƙarasawa, sannan nawa, nawan ma sai da kaɗan-kaɗan, wanda shi ya zaunar da ni a ƙungiyar har daminar 2025, don muna gyaran katanga da ɗaki, fetur ya haura naira 1,000, ga kwalara ta ɓulla a gari bayan ruwan, ko ɗari biyar ba ta yarwa ba ce a lokacin.

Abu mai kyau ɗaya da zaman Bulumkutu ya yi min shi ne karatu. Goggo tana da wani kwali cike da tsofaffin littattafan Hausa na takarda irin waɗanda ake sarowa daga Kano, wasu babu bango wasu ɓera ya ci gefensu, ba waya ba wuta sai na koma kansu. Da daddare matan gidan da waɗanda suka yi gudun ruwa irinmu sai su ce in karanta musu da ƙarfi, ina riƙe da tocila suna zaune a tabarma. A nan na ga abin da sharhin guruf bai taɓa nuna min ba. In marubuciya ta tsaya lissafa kayan ɗaki da kalar leshi da sunan mota sai ki ga an fara hira a gefe, wata ta tashi duba yaro, amma da mutum biyu sun fara magana ta gaskiya irin wadda ake yi a gida sai tsakar gidan ya yi tsit, Goggo har cewa take "maimaita min wurin nan 'yar nan." A guruf kowa cewa yake ya yi daɗi Allah ya ƙara basira, ba mai gaya miki inda ta tsallake.

Da hadarin daminar 2025 ya fara haɗowa, iskar nan mai jan ƙura da ke riga ruwa zuwa, ba na iya bacci, ƙannena ma da sun ji tsawa sai su fara haɗa kaya a leda. Ranar da na ga bidiyon ambaliyar Mokwa ta jihar Neja ƙarshen watan Mayu kasa cin abinci na yi. A irin daren nan na fara rubuta abin da muka gani, gajeru, na ɗaure kaina da ƙa'idar gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa, kalma 1,000 zuwa 1,500, ni da na saba feji ɗaya ya fi haka, kuma a nan na gane yawancin abin da nake cika feji da shi labari ba ya buƙatarsa.

Sauran darussan da na koya kuma gajeru ne. Kuɗin littafinki ya shiga asusunki, ƙungiya ta karɓi kasonta daga hannunki. Ki zama admin a guruf ɗinki. Duk abin da kika rubuta ki tura wa kanki ta imel a ranar, ko da data ta ƙara tsada kamar yadda ta yi farkon 2025. Ki tambaya tun kafin ki shiga me za a yi da littafinki in kin kwanta ciwo ko kin haihu ko an yi miki rasuwa, kuma amsar ta zama a rubuce. Kar ki fara sayar da littafin da ba ki kusa gamawa ba.

Na zauna na sake rubuta ƙarshen littafin nan yadda na tsara shi tun farko, daga inda hannuna ya tsaya kafin ruwa, na gama shi makon jiya. Duk wadda ta biya kuɗinta a wancan lokacin, ta 500 ko ta VIP, ta yi min magana zan tura mata kyauta, ba sai ta nuna shaidar biya ba, na san sunayenku daga sharhi.