Dare biyu ina fama da filash ɗin da ya ƙi tayar da kwamfuta

Ranar wata Alhamis bayan Isha'i ƙanwata ta shigo mini ɗaki a unguwar Nima da ke Accra, rungume da laftof ɗinta, idonta ya yi ja. HP ce ta hannu, kuma duk aikinta na shekarar ƙarshe a jami'ar Ghana da ke Legon yana ciki. In an kunna sai ta nuna tambarin Windows, ɗigogin nan su yi ta zagaye, sannan ta mutu. "Yaya, saura mako biyu in miƙa," iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Kafin in taɓa komai na kwance bayan kwamfutar, na zaro rumbun ajiyarta, na jona shi a tawa, na kwashe mata fayilolinta kaf. Wannan ne ya sa na samu barci a dararen da suka biyo baya, don girka Windows sabuwa kan iya share duk abin da ke ciki.

Washegari na biya Circle, inda ake hada-hadar wayoyi da kayan kwamfuta, na sayi filash, wanda mu nan muka fi sani da fendiraif, a hannun wani mai tallar kaya a tire. An rubuta 64GB a jikinsa, kuɗinsa kuwa bai kai na mai 16GB a shago ba. Na ji daɗi, na ce na yi tsintuwa. Na sauke Windows 10, domin na'urar ba ta da TPM 2.0, wani sashen tsaro da Windows 11 take nema, na ɗora a filash da manhajar Rufus. A nan zan ja kunnen masu kwafa fayil ɗin ISO, wato ƙunshin Windows ɗin da aka sauke, cikin filash kamar hoto ko karatu: kwamfuta ba ta tashi da shi a haka, sai an shimfiɗa shi da manhaja irin wannan.

Na soka, na kunna, na dinga danna F9, maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi a HP. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne. Jerin ya fito, babu filash a ciki. Na sauya ramin soka filash, daga shuɗi na koma baƙi. Shiru. Har ƙarfe ɗaya ina wannan, sai aka ɗauke wuta.

Dare na biyu na zauna na karanta abin da na zaɓa a Rufus, wanda jiya na wuce shi da gudu. Ashe MBR na sa. Hanya biyu kwamfuta take bi ta tashi. Akwai tsohuwa, ta BIOS, wadda ke tafiya da tsarin shirya filash ko rumbu mai suna MBR, akwai kuma UEFI, mai tafiya da GPT. Na danna F10 na shiga saitin na'urar, na tarar an rufe tsohuwar hanyar, an kunna Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi. Wato na yanka mabuɗin ƙofar da aka riga aka toshe da bulo. Da na sake shirya filash ɗin a GPT, sai ga sunansa a jerin. Har sai da na yi kabbara, maƙwabcina ya leƙo ta taga.

Murnar ba ta yi nisa ba. Aikin girkawa ya fara, ya ɗan taɓa tafiya, sai ya tsaya, wai wasu fayiloli sun lalace ko babu su. Na zargi ISO ɗin, na sake saukewa, datar da na saya don wata guda ta tafi a dare ɗaya. Na zargi rumbun ajiya. Na zargi RAM, ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, na cire na goge na mayar. Komai na zarga ban da abin da na saya da hannuna, saboda sabo ne fil a leda.

Ranar Lahadi na ɗauki kayan na kai wa wani dattijo mai gyara a Maamobi, abokin mahaifinmu. Bai ko kunna laftof ɗin ba. Filash ɗin ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗana, nawa ka saye shi?" Da na faɗa, sai ya girgiza kai, ya soka shi a tasa kwamfutar, ya sa masa H2testw, wata ƙaramar manhaja mai cika filash da bayanai sannan ta karanto su ta gani ko suna nan. Muka sha shayi muna jira. Sakamako ya nuna abin da ke ciki na gaskiya bai cika 4GB ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ya riƙa faɗin 64. Duk abin da ya haura ainihin cikinsa, sai ya karɓa kamar ya ajiye, alhali ya zubar. Windows 10 kuwa ta haura 5GB. Shi ya sa ƙananan fayilolin tashi suka yi aiki, babban fayil ɗin da ke ɗauke da Windows ɗin kanta ya zo a guntule.

Na ce, "Baba, to da na gane tun farko fa?" Ya nuna mini wani ɗan akwati a Rufus ɗin da nake amfani da shi, na duba lalatattun sassa, wanda shi ma yana tona asirin jabu. Sau biyar ina wuce shi.

Ya ara mini nasa mai 8GB, tsoho, fentinsa duk ya goge. Kafin La'asar Windows ta hau. Na mayar wa ƙanwata fayilolinta, na kuma gaya mata gaskiya cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, don haka in ta miƙa aikin za mu zauna mu duba ko Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, za ta karɓe ta. Ta buɗe babi na huɗu, ta gangara har ƙarshensa tana motsa baki, sannan ta ɗago ta ce, "Yaya, duk suna nan."