Buhun Yuriya Ɗaya

Ranar Asabar na miƙa makullin ɗakin kaya a gidan da na yi shekara tara ina aikin gadina, a Nasarawa GRA ta Kano. A gaban maigadi na ƙirga komai: baro, shebur biyu, manjagara, almakashin shinge, tiyo mai faci uku, da injin yankan ciyawar da ya fi zama a wurin bakanike a kan zamansa a gida. Na sa maigadin ya maimaita lissafin da bakinsa. Da a 2016 ne, shekarar da na shiga gidan, lokacin da tsutsar sharon ta cinye tumatir har miya ta gagari mutane, da ba zan yi tunanin neman shaida a kan shebur ba. Gidan ne ya koya mini.

'Yan uwa a sana'ar nan sun yi ta tambayata abin da ya raba ni da wurin, wasu ma sun riga sun ji labarin ta wani bakin. Ga nawa.

Baba, tsohon gadinan da na gada a gidan, Allah ya jiƙansa, watanni huɗu kawai muka yi tare kafin ƙafa ta hana shi fitowa. Abin da ya fi nanata mini shi ne, a bazara ba a tura shuka, riƙe mata rai ake yi har ruwa ya sauka. Na haddace maganar kamar karatun allo. Na sha faɗa wa yaran da aka riƙa haɗa ni da su. Kuma ni ne na take ta da ƙafata a bazarar 2024.

Kun tuna shekarar. Azumi ya kama a 11 ga Maris, aka yi shi cikin zafin da ko tsofaffi sai da suka yi magana, aka yi sallah 10 ga Afrilu. A farkon Afrilun ne kuma aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan layin Band A, masu samun wuta fiye da kowa, zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya. Fetur kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 janareta ya zama abin lallaɓawa. Sai sarkin gida, wanda tun rasuwar Alhaji komai na kuɗi ya koma hannunsa, ya kafa doka: sau ɗaya a rana za a kunna sumo, injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, a cika tankin cikin gida, abin da ya rage shi ne na lambu. Ban ga laifinsa a nan ba. Na rage wa ciyawa ruwa na ba itatuwa, ciyawar ta yi fari-fari ta kwanta. Duk wanda ya san ciyawa ya san barci take yi, ruwan Yuni na taɓa ta za ta miƙe.

Matsalar ita ce an sa bikin 'yar autar Hajiya mako uku bayan sallah, kuma a filin ciyawar nan za a yi kamu.

Wata ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi iska mai ƙura, aka yi yayyafin da bai fi na shan shayi ba. Ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna ta murna a layi. Washegari da sassafe sai ga sarkin gida da buhun takin yuriya mai kilo 50 a bayan mota.

"Malam, ka watsa shi duka yau. Ga ruwa Allah ya kawo. Ina son kafin biki filin nan ya yi shar."

Na durƙusa na tona ƙasa da yatsa na nuna masa. Ko gaɓa ɗaya ba ta jiƙa ba, ƙarƙashi busasshe ne ƙurmus. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ruwan taki ba ne. In za a sa, sai dai kaɗan, kuma a bar mini sumo kwana uku in bi shi da ruwa."

Ya ce, "Kai ne NiMet masu hasashen yanayi? Ka ga hadarin jiya kuwa? Yau ma za a yi."

Direba ya yi dariya. Ni kuma na yi shiru.

Shirun nan shi ne abin da na fi juyawa a raina har yau. Sau ɗaya na faɗa, da aka yi mini dariya na haɗiye sauran. Na san abin da yuriya take. Kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, babu takin da muke riƙewa da ya kai ta zafi, kamfa mai 15-15-15 ma ba ta kama ƙafarta ba. In ta sami ruwa isasshe ta narke ta nutse, cikin mako guda ganye zai yi kore har ya yi duhu. In ba ta samu ba, wani kason ya bi iska, hancinka ma zai gaya maka, sauran kuma ya zauna a sama kamar gishiri yana janye ɗan ruwan da ke cikin saiwa. Shukar da ke fama da ƙishirwa ka ba ta gishiri. Na kuma san ruwan farko a Kano mayaudari ne, yakan leƙo ya koma ya yi mako biyu ko uku, shi ya sa manomin da ya san kansa ba ya fitar da irinsa mai kyau saboda yayyafin Afrilu. Duk na san wannan. Kuma ƙofar Hajiya ba ta fi taku talatin daga inda muke tsaye ba. Ban je ba, don kada a ce gadina ya tsallake sarkin gida.

Na watsa.

Zuwa nan zan iya cewa umarni na bi. Amma laifi tudu ne, kuma na gaji da taka nawa ina hango na wani. Da na gama filin, sai da kusan mudu uku ya rage a gindin buhu. Na tsaya ina kallonsa. In na mayar ɗakin kaya, mutumin nan zai gani ya ce na ɓoye ne in sayar, don ya taɓa yi mini irin wannan a kan ragowar maganin feshi. Sai na ɗauka na zagaya bayan gida, wurin itatuwan Alhaji, na zuba wa kowanne a gindi. Ko zobe ban tona nesa da kututture ba, yadda ake yi. Babu wanda ya ce in yi haka. Tsoron a kira ni ɓarawo ne ya sa na yi abin da ya fi sata muni.

Itatuwan goma ne, lemun zaƙi shida da mangwaro huɗu, duk 'yan aure, wato an ɗora iri mai kyau a kan gindin wani iri. Lemun daga Binuwai Alhaji ya taho da su a bayan motarsa, mu biyu muka dasa su a daminarsa ta ƙarshe, yana riƙe da dashe ina mayar da ƙasa. Ba su cika shekara biyu ba. Hajiya takan sa a kai mata kujera wurin bayan la'asar.

Ba a yi ruwa ranar ba, ba a yi washegari ba. A kwana na uku filin ya fara fitar da tabo-tabo kamar an ɗiga masa tafasasshen mai, duk inda hannuna ya yi nauyi. A na biyar bakin ganyen lemun ya ƙone ya nannaɗe. Na roƙi a kunna sumo, aka ce doka doka ce. Da kuɗina na riƙa tare 'yan garuwa a bakin layi bayan isha'i, ina kwashe ƙasar saman gindin da hannu ina kwarara ruwa don ya wanke takin ya yi ƙasa da shi. Kura nawa na saya, ban ƙirga ba. Uku suka tsira, mangwaro biyu da lemo ɗaya. Bakwai suka zubar da ganye suka tsaya kamar sanduna.

Biki dai an yi shi. Aka yi hayar darduma aka rufe filin gaba ɗaya, baƙi suka yi ta yaba tsari. Da ma tun farko haka aka yi.

Bayan an watse aka kira ni falo. Sarkin gida ya riga ni shiga, kuma ya riga ni magana: shi taki kawai ya sayo, sanin yadda ake sawa aikin gadina ne, gadina ya yi gaban kansa. Direban da ya yi dariya yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon silin. Aka yanke za a riƙa cire rabin albashina wata uku. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna mudu ukun nan, na ga in na fara sai na kai ƙarshe, ƙarshen kuma nawa ne. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Hannun Alhaji ne a jikinsu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yawa sun ce me ya sa ban tafi a lokacin ba. Ban so a riƙa nuna ƙonannen fili ana cewa aikin wane ne. Na zauna na ga bazara ɗaya ta zagayo, na yi ta yadda Baba ya koya mini. Tun Fabrairu na tara kashin shanu da na kaji a rami ina yayyafa masa ruwa ina juyawa, don ɗanyen kashin kaji ma ƙona saiwa yake yi, ba yuriya kaɗai ba. Na haƙa ramukan dashe tun ƙasa na bushe na bar su suna jiran ruwa. Na lulluɓe gindin kowace bishiya da busasshiyar ciyawa, amma na bar tazarar tafin hannu daga kututture saboda gara. Ban ruwa da asuba ko bayan rana ta faɗi, mai yawa lokaci ɗaya, ya fi ɗan yayyafi kullum. Na sassabe rassan darbejiyar da suka hau waya kafin iskar farkon damina ta yi mana aikin da kanta, na kwashe magudanai. Taki na zamani kuwa bai taɓa ƙasa ba sai da ruwa ya zauna, na tona na ga laima ta wuce tsawon hannu. Ko tsiro ɗaya ban rasa ba a bazarar bana, da ruwan sumo sau ɗaya a rana ɗin nan dai. Ba wanda ya ce sannu, ban kuma sa rai ba.

Ga masu tasowa, abu biyu zan ƙara. Duk umarnin da ka san zai kashe shuka, ka ce a turo maka shi ta WhatsApp, ko da murya ce. Za ka ga yadda umarni ke raguwa. Sannan ka san wanda ya mallaki itacen, ka san wanda ya mallaki makullin sito kawai. In magana ta kai ga ran bishiya, wurin na farkon za ka, ko da na biyun zai daina amsa gaisuwarka.

Cikin bakwai ɗin nan akwai lemo ɗaya da ban tumɓuke ba, don da na kankare ɓawonsa can ƙasa na ga ɗanye. Da damina ta sauka ya yi toho, bana har ya kai ƙirjina, ganye shar, ga ƙaya zaƙo-zaƙo. Sarkin gida da kansa ya kai Hajiya wurin, ina ji yana cewa ai ga shi ya farfaɗo, da ma gadina ne ya cika kururuwa. Ku da kuke sana'ar kun riga kun gane. Tohon daga ƙasan mahaɗar auren ya fito. Lemun zaƙin da Alhaji ya ɗauko daga Binuwai ya mutu tun bara, abin da ke tsaye gindin da aka ɗora shi a kai ne, mai tsami, wanda ko yaran layi ba za su jefa ba.

Wannan karon ban yi shiru ba. Ranar da zan tafi na yi sallama a ƙofar falo, na ce, "Hajiya, lemon nan na bayan gida ba na Alhaji ba ne. Amma ɗayan da ya tsira nasa ne. In an yanko ido daga jikinsa aka ɗora a kan wannan, zai koma irin na Alhaji. Akwai masu yi a wuraren da ake renon dashe, ni ma na iya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce a kira mata sarkin gida. Ina ɗaure kayana a bayan keke na ji shi yana tambayar maigadi ko lambata tana wurinsa.