Yadda ake bin sawun kayan yaƙi na dā a ƙasar Zazzau

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan fari, sa'ad da zaizaya ta buɗe ƙasa, ciyawa kuma ba ta rufe ta ba. A gindin ganuwar Zariya, ko kufai irin na Turunku da Kufena, ana iya cin karo da kan kibiya, tsinin mashi, guntun linzami, wani lokaci har kwanson harsashi.

Ka fara da gaida mai unguwa da mai gona. Kuma kada ka haƙa: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini. Abin da ke fili kaɗai ake rubutawa.

In ka ga abu, bar shi inda yake tukuna. Ajiye rula a gefensa, ɗauki hoto daga sama da gefe, sannan ka rubuta lambobin GPS masu nuna wurin a taswira, kwanan wata da irin ƙasar. Wannan ya fi abin kansa daraja a ganina, domin kibiyar da ba a san inda ta fito ba tsohon ƙarfe ce kawai. Gindin kwanson harsashi yakan ɗauki haruffa da lambobi masu nuna masana'anta. Haska shi daga gefe su fito.

Ɓarna ta fi zuwa wajen gogewa. Sanfefa da wanki suna cinye alamomi, leda kuma tana tara gumi, tsatsa ta ƙaru. Ambulan takarda ya isa, a kai gidan tarihi na Kaduna.

Wajen Jaji da Kachia kuwa, inda sojoji ke atisaye, duk ƙarfe mai kama da bam kada ka taɓa. Ja da baya, ka sanar da jami'an tsaro.