Tarihin Rayuwata, kashi na 9: "Hoto ake ci?"

Makon jiya na tsaya a inda na sayi kyamarar Yashica ta hannu wurin wani direba mai jigila tsakanin Yola da Garwa ta Kamaru. Kuɗin ɗinkin sallah guda na zuba mata. Da labari ya kai kunnen Kawu bai yi faɗa ba, tambaya ya jefo mini a zaure gaban jama'a: "Hoto ake ci?" Aka kwashe da dariya, har da Yaya Babba, wanda rigar jikinsa ni na ɗinka ban karɓi ko sisi ba.

Ni tela ne, ban taɓa buɗe shagon hoto ba, ban taɓa karɓar kuɗin kowa ba. Fuskoki nake so. Masu shago suna tsayar da mutum gaban labule ya ƙame, ni kuwa sai in zaunar da shi bakin zaure da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe guda, in ja shi da hira har ya manta da ni. Da tsakar rana ba na ɗauka, domin inuwar hula tana cinye idanu. Babbar wahalar ita ce farar babbar riga a jikin baƙin mutum. In ka bi hasken rigar, fuska ta dushe. Sai na koyi buɗe idon kyamara saboda fuskar, rigar ta yi yadda ta ga dama. Babu wanda ya koya mini wannan, asarar fim ce ta koya mini.

Ga kuma zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, wanda ke ɓata fim tun kafin a sa shi. A gwangwani nake rufe nawa, in binne cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randar Inna. Ita kaɗai ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙanta.

Shekaru da yawa bayan haka, ranar sadakar ukun Kawu, 'ya'yansa suka zo neman hotonsa don jikokin da ke Marwa. Wurin wa suka zo? Na ba su wanda na ɗauke shi yana lazimi bai sani ba. Ban ce uffan ba, amma a cikinsu akwai waɗanda suka yi dariya ran nan, kuma har yau babu wanda ya ce mini sannu.

Na yi gaba da yawa. Fim mai kala nake son faɗa. Shi sai na ba ɗan kamashon mota ya kai Ngaundare, jirgin ƙasa ya wuce da shi Yawunde a wanke, in zauna jiran makonni ban san abin da zai fito ba. A haka Janairun 1994 ta same mu, aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka, fim da takardar hoto ba su tsira ba, ga yara huɗu a gida. Kawu yana raye lokacin, kuma ya sake tambayar, wannan karon ta bakin Goggo.

Ban sayar da kyamarar ba. Goro na daina ci, fim mai hoto 36 kuwa na riƙa jan sa daga ƙaramar sallah har babba, ba na latsawa sai fuskar da na tabbata. A wannan shekarar na ɗauki tsofaffin masuntan bakin Binuwai, da yardarsu. Labarinsu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.