Pon ɗin baya ya zauna, saura na gaba

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana da tsohuwar Land Rover ɗina, Series III gajera mai injin esansi lita 2.25. Abin da ya dame ni tun farko shi ne kukan da take yi a kan gudron. Daga Tahoua zuwa Konni sai ka ji kamar injin zai fito waje, alhali gudun bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa na ce a canza pon, wato tukunyar haƙoran da ke raba ƙarfin injin zuwa ƙafafu, don injin ya rage juyi. Da muka sauke pon ɗin baya, na ƙirga haƙora da alli a hannu: kuron (babban faifan haƙora) 47, pinyon (ƙaramin da ke juya shi) 10, wato pinyon na juyi 4.7 kafin kuron ya yi ɗaya. Wanda aka aiko mini daga Yamai na tsohuwar Range Rover ne, 46 da 13, wato 3.54. Injin zai rage juyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Niyyata in cire kuron da pinyon kawai in ɗora su a kan tsohon gidan. Kwana biyu ina fama. Pinyon mai haƙora 13 ya fi ƙiba, sai kuron ya rasa wurin ja da baya, suka cije babu ko motsi. Maigidana a gareji ya leƙo ya ce, "Yaro, ba a raba wannan da uwarsa. Sa shi ɗungurungum." Haka aka yi. Sandunan ƙafafun suka shige lafiya, don tsagarsu goma ce a duka biyun. Ku ƙirga wannan tun kafin ku biya kuɗi, saboda na baya-bayan nan tsaga 24 gare su.

Kafin in rufe, na shafa jan fenti a haƙora huɗu na juya kuron da hannu ina riƙe pinyon. Shaidar ta fito can bakin haƙori, sai na sassauta zoben rulma na gefe ɗaya na ɗaure ɗayan, kaɗan-kaɗan, har ta dawo tsakiya. Wannan sa'ar ita ce mafi daɗi a duk aikin. Na zuba mai lamba 90.

Jiya na gwada ta. Kukan ya kwanta, har muna hira a ciki. Amma allurar gudu tana nuna 60 lokacin da waya ke cewa kusan 80, kuma a hawa dole in sauko giya ta uku. Wannan rashin ƙarfi ya tsaya mini a rai, don motar rairayi ce, kuma ina son zuwa Abalak da ita.

Na cire kardan na gaba, wato sandar da ke kai juyi zuwa pon ɗin gaba, na ajiye. Gaba yana 4.7, baya yana 3.54, in aka danna ƙulli mai ruwan ɗorawa, ko aka ja jan sanda, waɗanda ke sa ƙafa huɗu su ja tare, ƙafafun za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Ba zan mayar da shi ba sai pon na biyu ya iso.