Inda na kai da karatun kod ɗin wasu

'Yan uwa masu koyo, a wannan makon na jingine rubuta nawa kod, na koma karanta na wasu. A aji rubutu ake ta koya mana, karatu kuwa an bar kowa ya ji da kansa, alhali a wurin aiki kod ɗin da wani ya bari shi za a fara miƙa maka.

Fayil ɗin bisect.py na ɗauka, wanda yake zuwa tare da harshen kod na Python. Gajere ne, aikinsa nemo gurbin da sabuwar lamba za ta shiga a jerin da aka riga aka tsara daga ƙarami zuwa babba. Karanta shi daga sama har ƙasa bai tsinana mini komai ba. Ido yana wucewa, kai yana cewa ya gane. Sai na ɗauko takarda na ja layi uku, lo (farkon inda ake nema), hi (ƙarshensa) da mid (tsakiyarsu), na ba bisect_right, ɗaya daga ayyukan da ke cikin fayil ɗin, jerin 2, 5, 8, 12, na ce a nemo wa 7 wuri.

Da farko lo 0 ne, hi 4, mid ya faɗa kan gurbi na 2, inda 8 take, tunda daga 0 ake fara ƙirga gurabe. Tunda 7 ba ta kai 8 ba, hi ya sauko 2. A zagaye na biyu mid ya zama 1, wato 5, sai lo ya hau 2. Sun haɗu, amsa 2 ke nan. A nan ne na ga abin da ya sa ake ƙara wa mid ɗaya idan lo zai matsa: in ba a ƙara ba, akwai lokacin da zagayen ba zai taɓa ƙarewa ba. Da kanku ku gwada jeri mai lamba ɗaya tak, ku nemo wa lambar da ta fi ta wuri, za ku gani.

Ga wani tarko. A ƙarshen fayil ɗin ana shigo da irin wannan aiki da aka rubuta da harshen C don sauri, shi ne yake maye gurbin wanda kuka karanta. Saboda haka in kuna son bin sa layi-layi da pdb, kayan aikin Python na bin kod mataki-mataki, sai kun kwafe shi zuwa naku fayil tukuna.

Abin da takarda ba ta faɗa shi ne dalilin marubucin. Wannan sai git log da git blame, umarnin git mai adana tarihin kod, su ke nuna wanda ya taɓa kowane layi da bayanin da ya bari. Mako mai zuwa wani fayil ɗin Python, heapq.py, zan shiga, in Allah ya kai mu. Wanda ya riga ni, ya faɗa mini yadda ya bi aikin _siftup da ke cikinsa.