Central Park na Wigan: filin zari-ruga da ya koma kantin Tesco

In ka sauka a garin Wigan da ke arewa maso yammacin Ingila, tsakanin Manchester da Liverpool, ka tambayi wani dattijo ina Central Park yake, kwatancen kantin Tesco zai maka. Wallahi abin nan na ci min rai, domin wajen da yau ake faka motoci ana tura keken sayayya, shekara 97 ya yi yana ɗaya daga cikin manyan filayen zari-ruga na duniya.

To bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san wasan ba. Zari-ruga iri biyu ne, akwai na 'yan wasa 15 akwai na 13. Na 13 ɗin shi ake kira lig, kuma ya samo asali ne a 1895 lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a wani taro a otal ɗin George da ke Huddersfield, saboda 'yan wasansu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, in sun bar aiki ran Asabar sun je wasa ba mai biyansu ladan ranar, su kuwa manyan da ke riƙe da wasan suka kafe cewa ba a biyan ɗan wasa ko sisi. Wigan na cikin waɗanda suka ɓalle. Kenan tun farko wasan talakawa ne, shi ya sa filin ma a tsakiyar gari yake, bakin kogin Douglas, mutum ya fito daga gida ya taka da ƙafa.

An buɗe shi a watan Satumba 1902, wasan farko da Batley. Ranar da ya fi cika a tarihi ita ce 27 ga Maris 1959, mutum 47,747 suka shiga kallon Wigan da St Helens, maƙwabta kuma abokan gaba na har abada. Zamanin Billy Boston kenan, baƙar fata ɗan Cardiff wanda ya dire ƙwallo a bayan layi sau 478 a rigar Wigan, har yau ba wanda ya kamo shi a ƙungiyar. Sai a 2025 aka ba shi sarautar Sir, shi ne ɗan wasan lig na farko da ya samu, bayan ya haura shekara 90, kuma ni dai a ganina an makara ƙwarai.

Amma daren da mutanen garin ba sa gajiya da labarinsa shi ne na Oktoba 1987, da zakarun Ostireliya Manly suka zo. A takarda an ce mutum 36,895 ne, waɗanda suka je kuwa sun dage sun fi haka nesa ba kusa ba. Aka tashi 8 da 2 Wigan ta ci, ba wanda ya iya tsallake layin wani ko sau ɗaya, duk makin da bugun ƙafa aka same su, karo ne kawai da dambe tun daga farko har ƙarshe. Daga nan ƙungiyar ta zama gagara-badau, ta ɗauki kofin Challenge Cup sau 8 a jere daga 1988 zuwa 1995, da su Ellery Hanley da Shaun Edwards da Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, an saye shi daga Widnes fam 440,000, kuma a 1992 a wannan fili ya dire ƙwallo sau 10 shi kaɗai a wasa ɗaya da Leeds.

Duk da kofunan nan bashi ya yi musu katutu, sai aka sayar wa Tesco. Wasan ƙarshe 5 ga Satumba 1999, da St Helens ɗin dai, Wigan ta ci 28 da 20, bayan nan aka rushe.

Wanda zai je, tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a garin kusa da juna, North Western da Wallgate, daga can ka ratsa tsakiyar gari da ƙafa ba nisa, ka nemi titin Central Park Way. Kar ka sa ran ganin bango ko kujera, babu, amma kogin na nan, ka tsaya bakinsa za ka gane yadda filin ya zauna a cikin unguwa. A hanya ka biya Believe Square akwai mutum-mutumin Billy Boston, sannan gidan tarihi na Museum of Wigan Life a Library Street. In ka zo lokacin kakar wasa, wato daga Fabrairu zuwa wajen Oktoba, ka sayi tikiti ka wuce sabon filin da ke Robin Park wanda suke rabawa da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wigan Athletic, mai ɗaukar mutum kusan 25,000. Ka yi ƙoƙari ka dace da ranar da za su kara da St Helens, kuma ka nemi tikitin da wuri don ƙarewa yake.